Amsoshin Tambayoyinku: Wai su waye 'yan Rasta, addini ne ko dai gashi da hayaƙi ne kawai?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa a wannan fili. Wannan karon saƙonnin da suka shigo da yawansu a kan 'yan Rasta ne, wasu ɗalibai ne masu neman sani, wasu kuma iyaye ne da hankalinsu ya tashi, dan haka na haɗa su waje ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki, ni ɗalibi ne a Zariya. Musu muke da abokaina a ɗaki, wani yace Rasta ƙungiyar mawaƙan rege ce kawai, wani kuma ya rantse cewa addinin mutanen Habasha ne tun zamanin da. Dan Allah a warware mana asalinsa.

AMSA: Toh ƙanena, gaba ɗayansu basu ci ba. Rastafari addini ne, kuma ba a Habasha aka haife shi ba, a tsibirin Jamaika ne dake yankin Karibiyan, a farkon shekarun 1930. Waƙar rege ma sai a ƙarshen shekarun 1960 ta fito, kaga addinin ya girme ta da sama da shekara 30.

Amma bazaka gane abun ba sai ka fara sanin su waye mutanen Jamaika, dan ruwa baya tsami banza. Ingila ta ƙwace tsibirin daga hannun Sifaniya a 1655 ta maida shi gonar rake, kuma kusan mutum miliyan ɗaya aka kwaso daga Afirka aka sauke a can a matsayin bayi, da yawansu daga gaɓar da yanzu take Gana da kudancin Najeriya, harda musulmi masu ilimi a cikinsu, akwai wani Abubakar Siddiƙ haifaffen Tumbuktu da ya rubuta tarihin rayuwarsa da larabci yana can. An soke bauta a 1834, aka sake su gaba ɗaya a 1838, sai dai sakin nan bai zo da gona ba bai zo da kuɗi ba, masu bayin ma su gwamnatin Ingila ta biya diyya, waɗanda aka bautar ko sisi. Shekara kusan 100 bayan haka baƙin mutum yana nan a ƙasa, bature a sama, mai ruwa biyu a tsakiya, a makaranta ana koya masa cewa Afirka daji ce babu tarihi, a coci kuma hoton Yesun da yake gani fari ne mai gashi a kwance. Ka tsaya ka auna mutumin da aka raba shi da sunan kakansa da yarensa da garinsu, sannan aka ce masa hatta Ubangiji ma kama da mai bulalar yake yi. Wallahi wannan ciwon shine tushen komai a Rasta, duk wanda ya tsallake shi ya tafi kan gashi da wiwi to bai fahimci komai ba.

A irin wannan hali baƙaƙen fata suka riƙe wata aya a Zabura ta 68 da take cewa Habasha zata miƙa hannayenta ga Allah. Habasha ta ƙara girma a idonsu saboda a 1896 ta lallasa sojojin Italiya a yaƙin Adwa, ƙasar baƙaƙe ta kori bature da yaƙi ta zauna da 'yancinta. Sai kuma ga Marcus Garvey, ɗan Jamaika da aka haifa a 1887, ya kafa ƙungiyarsa ta ciyar da baƙar fata gaba mai suna UNIA a 1914, ya tafi Amurka yana kiran baƙaƙe su daina raina kansu su maida hankali ga Afirka, har kamfanin jiragen ruwa ya kafa mai suna Black Star Line a 1919, kuma baƙin tauraron nan dake tutar Gana daga nan aka samo shi. Ana danganta masa maganar cewa a dubi Afirka ranar da za'a naɗa baƙin sarki, fansa ta kusa.

Kwatsam ranar 2 ga Nuwamba 1930 aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin Habasha a Addis Ababa, ya ɗauki sunan Haile Selassie na ɗaya. Ras sarauta ce a can, kamar dai ace Galadima ko Waziri, Tafari kuma sunansa ne na yanka, daga nan sunan addinin ya fito. Laƙabobin sarautar su suka tada hankalin masu karatun Baibul a Jamaika: Sarkin Sarakuna, Zakin Kabilar Yahuza mai nasara, kuma gidan sarautar suna cewa su jikokin Annabi Sulaiman ne da Sarauniya Bilkisu ta hanyar ɗansu Menelik. Irin waɗannan laƙabobi suna cikin littafin Wahayin Yahaya, sura ta 5 da ta 19. Sai wasu masu wa'azi suka ce ai shikenan, alƙawari ya cika, Almasihu ya dawo kuma baƙi ne. Mutum huɗu aka fi ambata, Leonard Howell da Joseph Hibbert da Archibald Dunkley da Robert Hinds, kuma kusan kowa a gefensa ya fara.

Howell shine ya fi tsaurin ido, yana yawo yana gaya wa talakawa cewa sarkin Ingila ba sarkinsu bane, sarkinsu yana Habasha, yana saida hoton Selassie sule ɗaya. A ƙasar da turawa ke mulki wannan magana ai tawaye ce, dan haka a 1934 aka ɗaure shi shekara 2 bisa laifin tunzura jama'a. A 1940 ya kafa wani sansani a kan tudu mai suna Pinnacle inda mabiyansa suke noma abincinsu harda wiwi, 'yan sanda suka yi ta kai musu samame har a 1954 suka tarwatsa wajen, mutanen suka watsu cikin unguwannin talakawa na Kingston babban birnin Jamaika, wanda hakan ma shi ya ƙara baza aƙidar.

Abunda suka yi imani dashi a taƙaice: Ubangiji suna kiransa Jah, sun ɗauko sunan daga Zabura. Suna ganin baƙaƙen da aka kai bauta sune Isra'ilawa na gaskiya dake zaman bauta a baƙuwar ƙasa, tsarin turawa da 'yan sanda da kotuna da jari hujja gaba ɗaya suna kiransa Babila, Afirka kuma musamman Habasha itace Sihiyona, ƙasar alƙawari da za'a koma. Suna karanta Baibul sosai amma suna cewa turawa sun taɓa shi dan su halatta bauta, shiyasa kowa yake karantawa da nasa idon. Basu da shugaba guda ɗaya, basu da wani littafin aƙida da kowa ya yarda dashi, zama suke yi su tattauna har dare, a buga ganguna a rera Zabura.

Kuma sun sha wuya fa, ba kaɗan ba. A Afrilun 1963, wata takwas bayan samun 'yancin Jamaika, rikici ya ɓarke a Coral Gardens kusa da Montego Bay aka ƙona gidan mai, mutum 8 suka mutu harda 'yan sanda 2, gwamnatin Alexander Bustamante ta saki jami'an tsaro kan duk wani mai gashin Rasta, aka kama sama da 150, aka lakaɗa musu duka aka aske musu kai da ƙarfi, alhali mafi yawansu basu san ma me ya faru ba. Sai a 2017 Firaminista Andrew Holness ya fito ya nemi afuwa a madadin gwamnati. Har yau ma ba su da yawa a ƙasar tasu, ƙidayar 2011 ta nuna kimanin mutum 29,000 ne, wajen kashi 1 cikin 100.

TAMBAYA: Ni abunda ya ɗaure min kai shine, shi Haile Selassie ɗin ya yarda shi Allah ne? Kuma da ya mutu me suka ce? Daga wani malamin makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malam, bai taɓa cewa haka ba. Mutumin kirista ne ɗan cocin Otodoks ta Habasha tun haihuwarsa a 1892 har mutuwarsa, mai azumi da zuwa coci, kuma a wata hira da gidan rediyon Kanada a 1967 ya faɗa ƙarara cewa shi mutum ne mai mutuwa, kada a yi kuskuren ɗaukar ɗan Adam a matsayin abun bauta. Shi ya tura babban limamin coci Abuna Yesehaq, aka buɗe cocin Otodoks a Jamaika a 1970, wasu 'yan Rasta suka shiga aka yi musu baftisma, wasu kuma suka ce musun da yake yi ai tawali'u ne.

Ya taɓa zuwa Jamaika, ranar 21 ga Afrilu 1966, kuma ranar ta zama babbar rana a wajensu duk shekara. Dubban mutane suka cika filin jirgi da ganguna da tutoci har suka kewaye jirgin, sarki ya kasa sauka sai da wani jagoran Rasta mai suna Mortimer Planno ya hau matakala ya lallashi jama'a suka buɗe hanya. A ziyarar ya gana da shugabanninsu ya basu lambobin girma, ga mutanen da shekara 3 kafin nan ake aske musu kai a ofishin 'yan sanda yau gasu zaune a fadar gwamnati, dole abun ya ratsa su.

Majalisar sojojin Habasha da ake kira Derg ta hamɓarar dashi a Satumbar 1974, ya mutu a tsare ranar 27 ga Agusta 1975, gwamnati tace rashin lafiya ce, mutane da yawa kuma sun yi imanin kashe shi aka yi. Da yake ba'a nuna gawa ba, 'yan Rasta da dama suka ce ƙaryar Babila ce, Jah baya mutuwa. A 1992 aka tono ƙasusuwan a harabar fada, aka sake binne shi a cocin Triniti ta Addis Ababa a Nuwambar 2000, har yanzu akwai masu cewa ba nasa bane. Wasu suka ce jiki ne ya tafi ruhin yana nan, wasu kuma suka sauko suka ce shi dai sarki ne da Allah ya zaɓa, ba Allah ba.

Ra'ayina anan bazan ɓoye shi ba. A musulunci ɗaukar ɗan Adam a matsayin Ubangiji shirka ce, babu kwana-kwana, kuma kiristoci ma basu yarda cewa Selassie ne Almasihu ba. Sannan ko ta fuskar tarihi mutumin yana da nasa alherin yana da nasa laifin. Ya tsaya gaban majalisar ƙasashe a Janeba a 1936 ya kai ƙarar Italiya kan gubar da ta watsa wa mutanensa lokacin da manyan ƙasashe suka yi gum, a 1963 ya tara shugabannin Afirka a Addis Ababa aka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka ta OAU, Abubakar Tafawa Ɓalewa da Diori Hamani suna wajen. Amma kuma a zamaninsa manomi ɗan haya ne a gonar masu sarauta, musulmin Habasha da Oromo suna kukan an maida su saniyar ware, ya rushe tarayyar Habasha da Eritiriya a 1962 aka sha yaƙin shekara da shekaru, kuma yunwar yankin Wollo ta 1973 ta kashe dubun dubatar mutane gwamnatinsa tana rufa-rufa. Shi kansa Garvey da 'yan Rasta suke ɗauka kamar annabi, ya caccaki Selassie sosai dan ya bar ƙasarsa ya tafi zaman gudun hijira a garin Bath na Ingila a 1936 lokacin da Italiya ta mamaye Habasha. Duk da haka ina ganin dalilin da yasa jikan bawa a Kingston ya ga baƙin sarki da kambi turawa suna rusuna masa zuciyarsa ta narke, wannan kam na fahimce shi ko da ban bi shi ba.

TAMBAYA: Malam ina cikin damuwa. Ɗana mai shekara 19 ya ƙi aski ya tara gashi ya zama dada, yana ɗaura zare mai ja da ɗorawa da kore a hannu, yace wai shi Rasta ne, kuma ina jin warin wiwi a kayansa. Yace min a addinin Rasta wiwi ibada ce. Sallah dai yana yi wani lokacin. Me zan yi? Daga wata uwa a Kaduna.

AMSA: Hajiya Allah ya shirya mana zuri'a, ki kwantar da hankalinki mu bi abun daki-daki. Farko dai ki zaunar dashi cikin sanyin murya ki tambaye shi, ya yarda Haile Selassie Ubangiji ne ko Almasihu? Ya san waye Howell, ya san me ya faru a Coral Gardens? Ina kyautata zaton zai tsaya yana kallonki, dan yawancin samarinmu dake kiran kansu Rasta waƙa ce da ado suka ɗauka, aƙidar ko ƙofarta basu leƙa ba. Idan haka ne kinga matsalarki ba ta canjin addini bace, matsalar shaye-shaye ce da abokai, kuma ita ya kamata ki fuskanta.

Batun gashi, su 'yan Rasta na gaske hujjarsu tana Attaura, Littafin Ƙidaya sura ta 6, inda aka ce wanda ya yi wa'adin keɓe kansa ga Allah aska bazata taɓa kansa ba, kamar Samson, jarumin nan mai ƙarfi na cikin Baibul. Na farkon ma irin su Howell basu da wannan gashin, gemu aka fi saninsu dashi, sai wajen ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1950 wasu matasa a Kingston suka fara tara shi, wasu masana suna cewa hotunan mayaƙan Mau Mau na Kenya sun yi tasiri, wasu suna cewa daga Indiyawa masu zuhudu ne. Kuma abun lura Hajiya, wannan ayar da ta hana aski ita ce dai ta hana shan giya, shiyasa Rasta mai riƙo baya shan barasa. Launukan kuma na tutar Habasha ne, suna fassara ja da jinin waɗanda aka kashe, ɗorawa arziƙin Afirka, kore kuma ƙasa da tsirrai.

Ki tambaye shi abincinsu ma. Suna kiransa Ital, ba naman alade, da yawansu ba nama kwata-kwata, ba gishiri, ba abincin gwangwani, ba sinadarin ɗanɗano, kayan lambu ne da wake da doya da kwakwa, wasu ko kofi da sigari basa taɓawa saboda suna ganin jiki ɗakin ibada ne. To yaron da zai ci tsire da daddare ya kora da lemon kwalba ya haɗa da ƙwaya ko maganin tari, sannan yace shi Rasta ne dan ya sha wiwi, gaskiya abunda ransa ke so kawai ya tsinta ya bar sauran.

Yanzu wiwin. Eh gaskiya ne da yawansu suna ɗaukarta ganye mai tsarki, suna kafa hujja da Zabura ta 104 da ayar Wahayin Yahaya dake maganar ganyen itace na warkar da al'ummai, a zamansu ana yin addu'a kafin a kunna lofe a zagaya dashi. Amma ba daga Habasha ta zo musu ba, leburorin Indiya da turawa suka fara kawowa gonakin rake tun 1845 su suka zo da ita, sunan ganja ma nasu ne, kuma talakan Jamaika yana shanta tun kafin a san wani abu Rasta. A Habashar ma haramun ce a doka. Sannan ba kowane Rasta ke sha ba, akwai waɗanda basa taɓawa kuma babu mai cewa sun fita. Jamaika ta haramta ta tun 1913, sai a 2015 aka sassauta, wanda aka kama da abunda bai wuce giram 56 ba tara kawai zai biya, aka kuma ba 'yan Rasta izinin amfani da ita a ibada. Wannan dokar Jamaika ce. A Najeriya laifi ne, hukumar NDLEA bata san wani uzuri na Rasta ba, kuma a addininsa da yake sallah dominsa duk abunda ke gusar da hankali haramun ne.

Abunda ya fi damuna ma lafiyarsa ce. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 19 bata gama ginuwa ba, kuma likitoci sun tabbatar yawan shan wiwi tun da ƙuruciya yana ƙara haɗarin taɓin hankali, ga mantuwa ga mutuwar zuciya ga faɗuwa a karatu. Shawarata kada ki fara da almakashi, kada a sa ƙarti su danne shi a aske, wannan sai ya ƙara masa taurin kai ya ga kansa a matsayin wanda ake zalunta. Kada kuma a kai shi gidan mari. Ki samu kawunsa ko yayansa da yake jin nauyi su zauna dashi, a gano su waye abokan, a ina yake samun kuɗin, idan ya riga ya kamu a kai shi ɓangaren masu kula da shaye-shaye a asibitin ƙwaƙwalwa, ba abun kunya bane wallahi. Idan kuma kishin Afirka ne yake jansa da gaske to ki ƙarfafa masa, a nemo masa tarihin cinikin bayi da na Garvey da Nkrumah da Sankara ya karanta, kishin baƙar fata abu ne mai kyau kuma baya buƙatar hayaƙi. Gashin in hankali ya dawo shi da kansa zai san yadda zai yi dashi.

TAMBAYA: Gaskiya ne akwai garin 'yan Rasta a Habasha? Daga wani direba a Kumasi.

AMSA: Gaskiya ne ɗan'uwa, sai dai unguwa ce a cikin gari ba garin duka ba. Sunan garin Shashamane, kimanin kilomita 250 kudu da Addis Ababa. A 1948 Selassie ya bada fili eka 500 ga baƙaƙen ƙasashen yamma dan godiya kan goyon bayan da suka ba Habasha lokacin mamayar Italiya, 'yan Rasta suka fara zuwa sosai a shekarun 1960. Da Derg ta hau ta ƙwace filaye a 1975 aka bar musu ɗan kaɗan, wasu suka koma. Waɗanda suka zauna 'yan ɗaruruwa ne, kuma abun tausayi shekara da shekaru ba su da takardar zama ɗan ƙasa, 'ya'yansu da aka haifa a can basu da ƙasar da zasu kira tasu a takarda, mutanen gari kuma suna musu kallon baƙi. A 2017 gwamnati ta sanar zata basu katin shaida na zama. Ai ku ma a Gana akwai su da yawa, har a 2021 babbar kotu a Akara ta umarci makarantar Achimota ta ɗauki ɗalibai 'yan Rasta da aka ƙi saboda gashinsu.

TAMBAYA: Duk 'yan Rasta ɗaya ne? Na ga wasu da rawani a intanet kamar malamai. Kuma ya matsayin mata yake a wajensu? Daga wata ɗaliba a Katsina.

AMSA: Ba ɗaya bane ƙanwata, manyan gidajensu uku ne. Akwai Nyabinghi, sune tsofaffin hannu masu ganguna da taron kwanaki, suna tsaye kan cewa Selassie shine Jah. Masu rawanin da kika gani sune Bobo Ashanti, Emmanuel Charles Edwards ya kafa su a 1958, suna zaune a keɓe a kan tudu a Bull Bay, dogayen riguna, suna naɗe gashinsu cikin rawani, ranar Asabar hutu ce da ibada, kuma an san su da sana'ar tsintsiya. Na ukun Kabilu Goma Sha Biyu na Isra'ila, Vernon Carrington ya kafa a 1968, su sun fi kusa da kiristanci, suna cewa a karanta sura ɗaya ta Baibul kullum, basa tilasta gashi ko barin nama, kuma sun fi jan 'yan boko da farar fata.

Mata kuwa, a baki ana girmama su ana kiransu sarauniya, suna rufe kai suna sa dogon tufafi ba kwalliyar kanti, amma jagoranci a hannun maza yake tun asali, a wasu gidajen mace bata buga ganga a taro, a wajen Bobo kuma tana keɓewa na tsawon kwanaki saboda al'ada har ya kai mako 3 a wata. Ni ina ganin wannan ya yi tsauri ƙwarai, kuma matan Rasta da kansu sun fara ƙalubalantarsa tun wajen shekarun 1970 zuwa 1980, yanzu akwai masu ilimi da masu faɗa a ji a cikinsu.

TAMBAYA: Bob Marley ne ya kafa Rasta? Kuma wai da gaske ya bar addinin kafin ya mutu? Daga wani tela a Jos.

AMSA: A'a maigida, an haife shi a 1945, lokacin addinin ya haura shekara 10. Ya tashi a gidan kirista ne, ya shiga Rasta a tsakiyar shekarun 1960, Mortimer Planno ɗin nan yana cikin waɗanda suka koyar dashi, daga baya ya kasance tare da Kabilu Goma Sha Biyu. Aikin da ya yi shine ya ɗauki maganar da ake yi a lungunan Trench Town, unguwar talakawa a Kingston, ya kai ta duniya da waƙa, har ya yi wasa a bikin 'yancin Zimbabuwe a Afrilun 1980, kuma ta wannan hanyar ne rege ta shigo mana har aka samu irin su Majek Fashek da Ras Kimono a Najeriya da Lucky Dube a Afirka ta Kudu.

A 1977 aka gano ciwon dajin fata a babban yatsan ƙafarsa, likitoci suka bada shawarar a yanke yatsan ya ƙi, aka yi masa ƙaramin aiki kawai, ciwon ya bazu a jikinsa. A Nuwambar 1980 Abuna Yesehaq ya yi masa baftisma a cocin Otodoks ta Habasha aka sa masa suna Berhane Selassie. Daga nan ne wasu kiristoci suke cewa ya bar Rasta, su kuma 'yan Rasta suna cewa ai cocin sarkinsu ya shiga, ina barin yake, dan dama akwai da yawa masu haɗa biyun. Ya rasu a Miyami ranar 11 ga Mayu 1981 yana da shekara 36, gwamnatin Jamaika ta yi masa jana'izar ƙasa inda limaman Otodoks da 'yan Rasta duk suka yi nasu addu'o'in, aka binne shi a ƙauyensu Nine Mile.